Tambaya da Amsa: Ciwon Haƙorina Ya Lafa, Ko Ya Warke Ke Nan?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu daga Jihar Gombe suka fito, kuma kusan dukkansu a kan haƙora suke. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, turmina na ƙasa ya yi rami fiye da shekara guda. A watan jiya ya tasar mini, na kwana uku ban runtsa ba. Wani mai magani a kasuwa ya turara mini hayaƙi, ya nuna mini ƙananan tsutsotsi farare da ya ce sun fito daga ramin, na kuma sayi kafso a kemis na sha. Yanzu ciwon ya tafi, sai dai wani ɗan ƙurji da ke fitowa a dasashin, ya fashe, ya sake dawowa. Shin na warke ne? Daga wani tela, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Malam, ina ma a ce zan iya yi maka albishir, amma gaskiyar magana ita ce ba ka warke ba, kuma ɗan ƙurjin nan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka shi ne babbar shaida. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki da jijiya da hanyoyin jini suke zaune. Idan mutum ya ci abu mai zaƙi, ƙwayoyin cutar da ke maƙale a dauɗar haƙori sukan ci sukarin su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da ɓawon a hankali har ya huda shi. Muddin ramin yana ɓawo, mutum ba ya jin komai. Idan ya gangara hawa na biyu, sai a fara jin ruwan sanyi da abin zaƙi suna ratsawa. Idan ya isa ɗakin jijiya kuwa, a nan ne ake samun zogin da ya hana ka barci kwana uku. To, jijiyar da ta kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa ba ta daɗewa sai ta mutu, kuma da zarar ta mutu sai zogin ya ɗauke. Mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ƙwayoyin cutar sun wuce ta saiwar haƙorin sun sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, suna tara mugunya. Ƙurjin da kake gani shi ne ƙofar da mugunyar ta huda wa kanta. Ranar da ƙofar ta toshe, ranar fuska za ta kumbura.

Batun tsutsa kuwa, tsohon zance ne da ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi imani da shi ba, domin mutanen ƙasashe da dama sun ɗauki ƙarnuka suna faɗarsa kafin a gano ƙwayoyin cuta. Babu tsutsa a cikin haƙori. Akwai 'ya'yan wasu tsirrai da idan suka ji zafin garwashi sukan fashe su fitar da ɗan farin zare mai lanƙwasa, wanda ido zai rantse tsutsa ce, kuma akwai masu ɓoye abin a auduga tun kafin ka zauna. Ba na cewa kowane mai wannan sana'a macuci ne, wani ma ya gaje ta ne kuma ya yarda da ita har zuciyarsa, amma ramin da ke turminka yana nan yadda yake. Kafson da ka sha shi ma ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, domin maganin da aka haɗiya ta jini yake tafiya, jini kuwa ba ya shiga cikin haƙorin da jijiyarsa ta mutu.

Abin da ya rage hanya biyu ce, kuma likitan haƙori ne zai zaɓa tare da kai bayan ya ɗauki hoton wurin. Ko dai a wanke cikin saiwar a cike ta a rufe, ka ci gaba da tauna da haƙorinka, wanda ya fi tsada kuma yakan ɗauki zuwa biyu ko uku; ko kuma a cire shi idan ya lalace da yawa. Da a ce ka je tun ramin yana ƙarami, da ciko na zama ɗaya ya wadatar. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. Kada ka saurari masu cewa cire haƙori yana taɓa ido, domin jijiyar gani daban take, ba ta bi ta haƙori ba. Idan aka cire, ka cije audugar da aka sa maka kamar rabin sa'a, kada ka kurkure baki ko ka yi ta tofi a wannan yinin, don kada gudan jinin da ya toshe gurbin ya fita. Washegari sai ka fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Kafin ka samu zuwa, idan zogi ya dawo, ka sha farasitamol bisa ƙa'ida, kuma ɗan kanumfari a kan haƙorin yakan dusar da ciwo na ɗan lokaci. Ka guji ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona naman take yi, haka kuma tabar gari da fetur da ruwan batir, waɗanda abin takaici har yau ana ɗiga su a bakin mutane. Idan kuwa ka ga kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun fara wuya, ko zazzaɓi ya rufe ka, to kada ka jira gari ya waye. Wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro, kuma yana kisa.

TAMBAYA: 'Ya'yana uku duk haƙoransu sun fito da ɗigo-ɗigon fari, na babbar kuwa sun yi ruwan ƙasa kamar mai cin goro, ga shi ba ta taɓa cinsa ba. Muna goge musu baki safe da dare. Yanzu ta kai aji uku a sakandare, ba ta son yin dariya a cikin mutane. Na gwada gawayi da lemon tsami ba su fita ba. Daga wata uwa, Kaltungo.

AMSA: 'Yar'uwa, da farko ki kwantar da hankalinki, ki kuma gaya wa yarinyar cewa wannan ba ƙazanta ba ce, ba kuma sakacinku ba ne. Tun da na ga sunan garin na yi zaton abin da zan karanta. Binciken masana ruwa ya daɗe da nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a wasu sassan Kaltungo da kewaye yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, wanda yake narkowa daga duwatsun yankin ya shiga rijiyoyi da burtsatse, kamar yadda ake samu a Langtang ta Jihar Filato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Abin mamakin shi ne, wannan sinadarin ne ake zubawa a man goge baki da gangan, domin kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa ɓawon haƙori ya kare shi daga rami. Yawansa ne matsala, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, inda yaro yake shan ruwa da yawa a yini, abin da ke shiga jiki yana ƙaruwa.

Tabon yana samuwa ne tun haƙoran dindindin suna ginuwa a cikin ƙashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, kafin ido ya gan su. Saboda haka launin a cikin ɓawon yake, ba a samansa ba, shi ya sa gawayi bai yi komai ba. Ina roƙon ki da ki daina shi, ki daina lemon tsamin, kada kuma a gwada toka ko kanwa, domin tsami narkar da ɓawo yake yi, gawayi kuma ya kankare shi, ɓawon haƙori kuwa idan ya tafi ba ya tsirowa. Wannan bayanin yana nufin wanda ya girma a wani gari ya dawo Kaltungo da aiki ba zai yi wannan tabon ba, yana kuma nufin ƙananan 'ya'yanki da waɗanda za ki haifa nan gaba su ne za a iya karewa.

Tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid, ƙara masa ƙarfi ma yake yi tunda ruwan ne ke ƙonewa ya bar sinadarin, tacewa da ƙyalle ma ba ta raba su. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, don haka abin da ya fi amfani shi ne mutanen unguwa su haɗu su nemi a auna ruwan da suke sha, a san wace rijiya ce ta sha da girki, wace ce ta wanki da wanka. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ba shi da fulorayid sosai, haka nonon uwa, wanda wannan ƙarin dalili ne na shayar da jariri nono zalla wata shida. Man goge baki kuma a sa wa ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, ɗan shekara 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, a tsaya a kansa ya tofar kada ya haɗiye. Ita babbar kuwa akwai gyara: idan tabon sama-sama ne, likita yakan goge shi da kayan aiki ya haskaka haƙorin, idan ya yi zurfi, sai a lulluɓe fuskar haƙoran gaba da wani abu mai launin haƙori. Ki kai ta a duba, tunda abin ya fara taɓa mata walwala.

TAMBAYA: Ɗana yana da wata bakwai. Kwana huɗu ke nan yana gudawa da zafin jiki, surukata ta ce haƙori ne, idan ya fito zai daina, ta kuma aiko da garin maganin haƙori. Daga wata matar aure, Dukku.

AMSA: 'Yar'uwa, idan har yaron bai samu sauƙi ba lokacin da wannan amsa ta iske ki, ki ajiye mujallar ki kai shi asibiti. Fitowar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima da son cizon duk abin da aka samu, jiki ma yakan ɗan yi ɗumi, amma ba ta kawo gudawar kwana huɗu, ba ta kuma kai zafin jiki digiri 38. Iyayenmu ba su yi ƙarya ba da suka ce abubuwan biyu tare suke zuwa. Dalilin ne ya sha bamban. Haƙorin farko yakan ɓullo ne wajen wata shida, daidai lokacin da yaro yake fara rarrafe yana kai komai baki, ake fara ba shi koko da ruwa, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma take raguwa. Haƙoran yara 20 ne, suna ta fitowa har wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, saboda haka duk ciwon da ya kama yaro a wannan tsakanin za a samu wani haƙori a hanya da za a ɗora wa laifi, a bar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon kunne yana cin sa. Ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti bayan kowace gudawa, za a haɗa miki da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a kuma gwada jininsa.

Garin da aka aiko kuwa ki karɓa da godiya ki ajiye. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 ne aka ba da rahoton sun rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda aka samu gurɓace da wani sinadari mai lalata ƙoda, har hukumar NAFDAC ta haramta shi. Yaro mai fitar da haƙori ba ya bukatar wani haɗi. Ki wanke hannu ki riƙa murza masa dasashin da yatsa, ko ki ba shi tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza. Kada a kai shi wurin wanzami a tsaga dasashi, kada kuma a shafa masa zuma kafin ya cika shekara. Na san faɗa wa suruka haka ba abu ne mai sauƙi ba, don haka ki sa maigidan ya karanta mata da kansa, ko ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin ma'aikata.

Tunda maganar bakin yara ta taso, bari in ƙara wani abu ga iyaye baki ɗaya. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, sunan da ba shi da alaƙa da aikin gona, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Takan fara da gyambo a dasashi da mugun warin baki, cikin kwanaki kaɗan kumatu ya kumbura ya yi baƙi ya huje. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman domin ta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

TAMBAYA: Ni asuwaki nake yi a kowace alwala, ban taɓa sayen buroshi ba. Ya wadatar? Daga wani malamin Islamiyya, Bajoga.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, wanda yake asuwaki sau biyar a yini ya fi masu buroshi da yawa kula da bakinsa, kuma itacen arak da darbejiya da marke duk suna cire dauɗa idan an iya riƙe su. Gazawarsa biyu ce: tsinin sandar yana wahalar kaiwa bayan turame da ɓangaren da ke kallon harshe, sannan ba ya ba haƙori fulorayid irin na man goge baki. Shawarata ita ce a riƙe sunna a ƙara da buroshi mai laushi da man goge baki sau biyu, minti biyu kowane karo, musamman na kafin barci, domin yawu yana raguwa da dare. A tofar da kumfar ba tare da an bi ta da ruwa ba. A riƙa yanke bakin asuwakin ana sabunta shi, kuma a sassauta hannu, domin na sha ganin dasashin da dirza ta janye shi har saiwa ta fito.

TAMBAYA: Kakana ne ya sa in rubuto. Shekarunsa sun haura 60, yana da ciwon sukari, yana cin goro sosai. Dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, haƙora biyu na gaba suna girgiɗi. Ya ce tsufa ne, kuma yana tsoron wankin haƙori na asibiti domin an ce yana sa giɓi. Daga wani ɗalibi, Deba.

AMSA: A gaishe da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. A gaya masa cewa tsufa shi kaɗai ba ya zubar da haƙori. Akwai sa'o'insa da suke da 32 ɗinsu cif. Abin da ke damunsa ciwon dasashi ne. Dauɗar da ba a goge ba takan daskare ta zama kamar dutse a gindin haƙori, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, ƙashin da ke riƙe da saiwa kuma ya riƙa zaizayewa ba tare da wani ciwo ba, har sai an wayi gari haƙori yana rawa. Ciwon sukari yana hura wannan wutar, ita ma tana sa sukarin ya yi wuyar daidaituwa, don haka dole a kula da su tare. Buroshi ba ya cire wannan dutsen, sai da na'urar asibiti. Giɓin da mutane ke gani bayan wanki dama yana nan, dutsen ne ya cike shi ya ɓoye. Ƙashin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsayar da ɓarnar, wani lokaci ma a ɗaure masu girgiɗin da maƙwabtansu. Ya gaya wa likitan yana da sukari, ya kuma je bayan ya karya ya sha maganinsa. Goro kuwa rini yake yi, ba shi ne ya kawo jinin ba. Ba zan ce ya bari ba don na san ba za a ji ba, amma ya riƙa kurkure baki bayansa. Kada kuma ya daina goge wurin da ke jini, domin barinsa ne ke ƙara jinin.

TAMBAYA: Wani ɗalibina ɗan shekara 10 ya faɗi a filin ƙwallo, haƙorinsa na gaba ya fita gaba ɗaya, muka jefar. Daga baya aka ce mini da an mayar. Gaskiya ne? Daga wata malamar firamare, Kumo.

AMSA: Gaskiya ne, Malama, kuma mutane ƙalilan ne suka san haka, don haka kada ki zargi kanki. Yaro ɗan shekara 10 ya riga ya yi famfarar haƙoran gaba, wanda ya fita na dindindin ne. Idan haka ta sake faruwa, a ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar kuma kada a kankare ta, a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta idan ya yi ƙasa, a mayar da shi gurbinsa nan take, yaron ya cije hankici a hankali. Idan an kasa, a tsoma shi cikin madara, ba a naɗe shi a takarda ya bushe ba, a garzaya wurin likitan haƙori cikin sa'a guda, domin kowane minti yana rage yiwuwar ya kama. Haƙorin yarinta ne kaɗai ba a mayarwa, don kada a raunata na dindindin da ke ƙarƙashinsa. Shi wannan ɗalibin naki har yanzu yana bukatar a kai shi, a duba ko maƙwabtan haƙorin sun tsage, a tambayi iyayensa batun allurar tetanus tunda a ƙasa ya faɗi, a kuma yi masa ɗan haƙorin roba da zai riƙe gurbin kada na gefe su karkato su cinye shi kafin ya girma a yi masa na dindindin.